Ruwan Dashe

Kawuna ba ya dashe da rana tsaka. Duk wanda ya taɓa yi masa ƙwadago a lambunsa na gefen Kura ya san haka. Sai an idar da sallar La'asar, rana ta karya, sannan zai miƙe ya ce a ɗauko kwanduna. Tun da hantsi ya riga ya sa an jiƙa bedin da ya reni irin tumatir a ciki, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, yadda in an zo cira, saiwar za ta taho da 'yar ƙasarta manne a jiki. Fangalin da za a kai su shi ma an gyara shi, an zuba taki, an sakar masa ruwa. Ba ya yarda iri ya kwana a kwando. Abin da aka cira yau, yau zai shiga ƙasa, ko da za a kai magariba ana dasawa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara binsa. Washegarin dashen farko da na sa hannu a ciki na yi sammako na je dubawa, sai na tarar duk sun kwanta, ganye ya yi yaushi kamar an watsa masa ruwan zafi. Na koma da gudu na ce, "Kawu, sun mutu!" Ko ɗagowa bai yi ba daga tiyon da yake ɗaurawa a bakin inji. Ya ce, "Baƙunta suke yi, ɗan nan. Wata guda na yi ina renonsu, amma kwana ukun nan su ne maganar. In ruwa ya tsallake yau, wahalar watan nan gaba ɗaya ta tashi a banza." Muka ba su ruwa ranar, muka ba su washegari. A rana ta huɗu sai ga su sun miƙe, kowanne ya ɗago kai. Kawu ya tsuguna ya ɗan ja guda ɗaya da yatsu biyu, ya ji ya ƙi tahowa, ya ce, "Ya kama."

Na daɗe rabona da riƙe tiyo. Amma maganar nan ta dawo mini sa'ad da na zauna ina bin yadda Amurka take kashe kuɗi a kan mutanen da suka gama zaman kaso. Kusan mutum miliyan biyu ne a tsare a ƙasar, kuma aƙalla 95 cikin 100 na fursunonin jihohi wata rana za a buɗe musu ƙofa. An yi shekarun da ake sakin fiye da mutum 600,000 a shekara guda. A watan Afrilun 2008 Shugaba George Bush ƙarami ya sa hannu a dokar da suka kira Second Chance Act, wato dokar sake ba mutum dama, da goyon bayan manyan jam'iyyun ƙasar biyu, aka kuma sabunta ta a ƙarshen 2018 lokacin Shugaba Trump. Yadda abin yake tafiya shi ne majalisa ta ware kuɗi, Ma'aikatar Shari'a ta yi shela, sai jihohi da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi masu zaman kansu su rubuto takardun nema: mutum nawa za mu ɗauka, wace sana'a za mu koya musu, ina za su kwana, da me za a auna mu. Waɗanda suka ci a ba su. Ma'aikatar Ƙwadago ita ma tana da irin nata tallafin, wanda ya fi karkata ga koyon aiki. Kuɗin kyauta ne, ba a biya, amma yana da wa'adi, galibi shekara uku ko kusa da haka, kuma sai an kawo lissafin kowace dala.

Mafi sauƙin abin da mai tallafi zai zuba kuɗi a ciki shi ne koyar da sana'a a cikin gidan yari. Wannan shi ne bedin reno. Mutanen suna wuri guda, ana iya ƙirga su, ana iya ɗaukar hoton ranar raba takardar shaida. Kuma yana da amfani ƙwarai. Cibiyar bincike ta RAND ta tattara nazarce-nazarce masu yawa a 2013, ta gano cewa waɗanda suka yi karatu ko koyon sana'a a tsare sun fi sauran tsira daga komawa, kuma kowace dala ɗaya da aka kashe a karatun tana rage dala huɗu zuwa biyar na kuɗin sake tsare mutum. Saboda irin wannan hujja ne aka dawo wa fursunoni da tallafin karatun jami'a na gwamnatin tarayya a 2023, bayan an hana su shi tun 1994. Babu manomin da zai raina reno. Iri mara ƙwari ko a wace ƙasa aka sa shi ba zai yi ba.

Sai dai tumatir ba ya 'ya'ya a bedi. Ranar cira tana zuwa, kuma a nan ne nake ganin ake yawan sakin tiyo.

A Kalifoniya, wanda ya gama zamansa ana ba shi dala 200 a bakin ƙofa. Adadin nan bai canza ba tun 1973. Kuɗin mota ne da abincin 'yan kwanaki. Mutum ya fito bayan shekara takwas ko goma, katin shaidarsa ya daina aiki, lasisin tuƙi ya mutu, ba shi da waya, ba shi da asusun banki, wataƙila matar ta yi aure, uwar ta rasu, gidan hayar wasu ne a ciki. Kuma jami'in da ke sa ido a kansa yana jiran ya kawo adireshi. Wannan shi ne iri a kwando, saiwa a waje, rana tana duka. Masu bincike a jihar Washinton sun bi sawun mutum kusan 30,000 da aka saki, suka wallafa sakamakon a 2007. A mako biyun farko bayan fitowa, haɗarin mutuwar tsohon fursuna ya ninka na sauran mutanen jihar fiye da sau goma sha biyu. Babban dalili shi ne ƙwaya: jiki ya manta da ita a tsare, mutum ya fito ya sha adadin da ya saba a da, sai ta tafi da shi. Hukumar ƙididdigar shari'a ta ƙasar kuma ta bi waɗanda aka saki a jihohi 30 a 2005. Kashi 44 cikin 100 an sake kama su tun a shekarar farko, kashi 68 kafin shekara uku, kashi 83 kafin shekara tara. Kamu daban, tabbatar da laifi daban, amma a dubi inda lambobin suka fi cunkushewa: fiye da rabin waɗanda za a sake kamawa cikin shekara tara, a shekarar farko aka kama su. Kwana ukun Kawu ke nan.

Shi ya sa a cikin duk ƙungiyoyin da ke cin wannan tallafi, wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce Center for Employment Opportunities, wadda ta taso a birnin Niyok ta bazu zuwa wasu jihohi. Tsarinta ba shi da ado. Mutum ya fito, ya yi 'yan kwanaki ana nuna masa ƙa'idar aiki, sai a ba shi takalmin aiki a sa shi cikin ayari: sharar gefen titi, yankan ciyawa, fenti, gyaran gine-ginen gwamnati. Kwana huɗu a mako yana aiki, rana ta biyar ya zauna da wanda zai taya shi neman aiki na dindindin. Abin da ya fi jan hankalina shi ne biyan. Kullum da yamma, in an tashi, a biya shi kuɗin ranar. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Amma duk wanda ya yi leburanci a wurin gini ya san bambancin "zo ƙarshen wata" da kuɗin da aka ƙirga maka a tafin hannu kafin magariba. Mutumin da ya fito jiya ba shi da ƙarshen wata. Yana da daren yau, da cikin da ke kuka, da tsofaffin abokai da suka san hanya mafi sauri ta samun kuɗi, kuma su ba sa cewa a cike takarda. Da wannan biyan na yamma ƙungiyar take rigan su isa gare shi.

An gwada tsarin da ƙuri'a, aka raba mutum kusan dubu gida biyu, wasu suka shiga ayarin aiki wasu aka ba su taimako ɗan kaɗan. Sakamakon da cibiyar MDRC ta fitar a 2012 ya nuna komawa ga laifi ya ragu, kuma raguwar ta fi fitowa fili a wurin waɗanda suka shiga shirin cikin wata uku da fitowarsu. Waɗanda suka zo a makare ba su amfana haka ba. Ruwa ɗaya ne, lokacin zuwansa ne ya bambanta. Binciken ya kuma nuna wani abu mara daɗin ji: bayan aikin wucin gadin ya ƙare, ratar samun aiki tsakanin rukunan biyu ta shafe. Wato an tsare ran shukar, amma samun ta yi 'ya'ya wata magana ce, kuma maganar ta rataya a kan ƙasar da aka dasa ta.

Kawu yakan ɓata lokaci a kan fangali fiye da yadda yake ɓatawa a kan bedi. In ƙasa ta yi tauri, ko gishiri ya taso mata, komai kyan iri ba za ta karɓe shi ba. Ƙasar tsohon fursuna ita ce mai ɗaukar aiki, da mai gidan haya, da hukumar da ke ba da lasisi. Wata malamar jami'a, Devah Pager, ta tura samari neman aiki a birnin Milwaukee da takardu iri ɗaya, ta wallafa abin da ta gani a 2003. Farar fata marasa tarihin ɗauri, 34 cikin 100 aka sake kira. Masu tarihin ɗauri, 17. Baƙar fata marasa tarihin ɗauri, 14. Masu shi, 5 kacal. A Kalifoniya kuma fursunoni sun daɗe suna kashe gobarar daji kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan kwana-kwana, a kan 'yan daloli a rana. Su ne ke sare daji a gaban wuta. Amma da yawansu in sun fito ba sa samun aikin, domin tarihinsu yana hana su takardar shaidar ba da agajin gaggawa da yawancin hukumomin kashe gobara ke nema. Sai a 2020 jihar ta yi dokar da ta ba irinsu damar neman a goge musu tarihin. Gwamnati ɗaya ce ta rene su, ita ce kuma ta daskare ƙasar da za su shiga. Wannan yana ba ni haushi fiye da rashin kuɗi, domin gyaransa ba ya buƙatar ko sisi.

Akwai wata dabara ta Amurkawa da Bahaushe zai gane nan take. A wurinmu in saurayi ya je neman a ba shi adaidaita sahu ya riƙa kawo balas, ko a ɗauke shi yaron shago a Kantin Kwari, tambayar farko ita ce, "Wa zai tsaya maka?" Ba a tambayar takardar makaranta kafin wannan. Wanda ya fito daga kaso kuwa abin da ya rasa ke nan, mai tsaya masa. Tun 1966 gwamnatin Amurka take da wani shiri na inshora: in ka ɗauki tsohon fursuna aiki, za a ba ka takardar lamuni kyauta, wadda ta fara daga dala 5,000, ta wata shida. In ya yi maka sata a cikin wa'adin, a biya ka. Gwamnati ce ta zama mai tsaya masa. Wata shida kuma sun isa maigida ya san halin yaronsa da idonsa, ya daina dogara da abin da takarda ta ce. Haka nan wani tallafin Ma'aikatar Ƙwadago mai suna Pathway Home, wanda aka fara a 2020, ya shar'anta cewa a fara aiki da mutum tun yana ciki, kuma jami'in da ya san shi a ciki shi zai ci gaba da riƙe shi a waje. Wannan ita ce 'yar ƙasar da Kawu yake so ta taho manne da saiwa. Fuska ɗaya da ka sani a bakin ƙofa ta fi takardar shaida uku.

To, amma injin ban ruwan na aro ne, kuma a nan ne raunin tsarin tallafi yake. Na tuna shekarar da injin Kawu ya lalace ya ari na maƙwabci. Mun dasa fangali goma sha biyu, a rana ta biyu mai inji ya aiko a kawo masa abinsa, shi ma nasa lambun ya bushe. Ba shi da laifi. Muka koma ɗiba da bokiti daga magudanar ruwa har dare, amma fangali huɗu na can ƙarshe ba mu isa gare su a kan lokaci ba. Ƙungiyar da ke rayuwa da tallafin shekara uku haka take. Shekarar farko ta tafi wajen ɗaukar ma'aikata da lallashin masu kamfanoni, ta biyu abu ya fara kankama, ta uku shugaban ƙungiya ya koma rubuta sabuwar takardar nema, ma'aikata kuma sun fara leƙen wani wurin. A watan Afrilun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta soke ɗaruruwan tallafi a tsakiyar wa'adinsu, har da na ƙungiyoyin da ke karɓar waɗanda suka fito daga kurkuku. Mutumin da aka saki a wancan makon bai san da wasiƙar sokewa daga birnin Washinton ba. Ya zo ofishin da aka kwatanta masa tun yana ciki, ya tarar wanda zai karɓe shi an sallame shi.

Kuɗin ma tun asali ba su taka kara sun karya ba. Abin da majalisa ke ware wa dokar Second Chance Act a 'yan shekarun nan dala miliyan ɗari da 'yan kai ne a shekara, alhali tafiyar da gidajen yarin ƙasar yana cin fiye da dala biliyan 80. In an raba wa duk wanda aka saki, kowa ba zai sami dala 300 ba. Wani bincike da gwamnatin ta sa aka yi a kan shirye-shirye bakwai da ke ƙarƙashin dokar, wanda ya fito a 2018, bai ga raguwar komawa kaso ba, ko da yake ya ga ɗan ci gaba wajen aiki da albashi. Masu adawa suna kafa hujja da shi. Ni abin da na karanta a ciki shi ne yayyafi a kan fangali mai faɗi: ƙasa ta yi duhu a sama, in ka tona da yatsa a bushe take.

Na san inda kwatancen nan yake ɗingishi, kuma bai kamata in ɓoye shi ba. Tumatir bai cuci kowa ba. Mutumin da ake magana a kansa wataƙila ya fasa shagon wani, ko ya raba wata uwa da ɗanta. Kuma akwai saurayin da bai taɓa ɗaukar allurar kowa ba, yana zaune ba aiki, yana ganin ana saya wa wanda ya yi laifi kayan sana'a. Ƙorafinsa gaskiya ne, kuma shi ma yana da haƙƙi a kan hukuma. Sai dai alƙali ya riga ya yanke, mutum ya biya da shekarunsa, kuma ko mun so ko mun ƙi ranar fitowa tana nan a rubuce. Zai dawo unguwa. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ya dawo da zarto ko ya dawo hannu sake. Wanda za a fasa wa shago nan gaba shi ya fi kowa cin ribar wannan tallafi, ko da bai taɓa jin labarinsa ba.

Mu ma a gida mun taɓa wannan magana. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali, kuma dokar ta ɗora mata koyar da sana'a da mayar da mutum cikin jama'a. Akwai wuraren koyon ɗinki da kafinta da walda a gidaje da dama, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana koyar da ɗaurarru kyauta. Amma kusan biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba su san ranar cirarsu ba balle a jiƙa musu fangali. A watan Nuwamban 2023 Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara. Duk azumi kuma gwamnoni da attajirai suna yin irin wannan, Allah ya saka musu. Ina dai so wanda ya biya tarar ya sake tambaya bayan wata uku: ina mutanen nan suke, me suke ci?

A layinmu an saki samari biyu a wata ɗaya, dukansu sun koyi kafinta a ciki. Ɗayan ya fito ya tarar da ɗakinsa an zuba buhunan gawayi, yayansa ya ce ya nemi wani wurin saboda yara. Ya yi mako biyu yana kwana a barandar shaguna. Na gaisa da shi sau biyu, na ba shi na abinci, ban yi abin da ya wuce haka ba, kuma har yau abin yana damuna. Kafin Babbar Sallah an sake kama shi.

Ɗayan kuwa gwaggonsa ce ta je ta tarye shi a bakin ƙofa da kwanon tuwo a ƙunshe. Washegari da asuba ta sa limamin unguwa a gaba har rumfar wani tsohon kafinta. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Malam, kai ka tsaya masa?" Liman ya ce, "Ni na tsaya masa." Gwaggon ta sayar da tunkiyarta ta saya masa zarto da guduma da tef na awo. Makonnin farko ko magana ba ya yi. In mota ta tsaya a bakin rumfa sai ya zabura ya miƙe tsaye, hannuwa a baya, sai tsohon ya ce, "Zauna, yaro, masu kujera ne." Mutane suka riƙa ɗauke wayoyinsu daga kan benci in ya matso, yana gani, bai ce komai ba.

Ran nan na biya ta wurin gab da magariba, zan karɓi kujerar tsugunne da na ba da gyara. Na tarar yana share ɓarɓashin katako, tsohon yana zaune a kan benci yana ƙirga kuɗi. Ya ware wasu ya miƙa masa, kamar yadda yake yi kullum tun ranar farko. Sannan ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin rumfar ya ɗora a kai. Ya ce, "Gobe zan je ɗaurin aure Gezawa. Ka buɗe da wuri, masu ƙyauren nan za su zo da hantsi. Cikon kuɗinsu dubu goma sha biyu ne, ka karɓa ka riƙe."